ZARE: Karen da aka ce mana jininsa na sojojin Rum ne 🧵

1/ Watan jiya wani abokina ya ja ni rakiya wajen mai sayar da karnuka a Abuja. Sau biyu ɓarayi suna haura musu katanga, ya ce shi kam ya gaji, karen gadi zai saya. Mai karnukan ya ɗago wani ɗan kwikwiyo baƙi wuluk, kai kamar tukunya, ya ce: "Alhaji, wannan Cane Corso ne. Jininsa tsantsa tun zamanin sojojin Rum, shekara dubu biyu babu gauraye."

2/ Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi benci na zauna. Abokina har ya ciro waya zai tura, na riƙe masa hannu na ce mu je gida tukuna. Abin da na zauna na faɗa masa a daren nan shi zan kawo muku. Zaren yana da tsawo, ku samu wuri ku zauna.

3/ Ga maganar a dunƙule. Manyan karnuka masu faffaɗan kai sun daɗe tare da ɗan Adam, wannan gaskiya ne. Amma jinsunan da ake sayarwa yau da suna da takarda, yawancinsu ba su kai shekara 200 ba. Wasu ma kakanka ya girme su. Kuma duk sanda aka sauya musu siffa, buƙatar mutum ce ta sauya, su ne suka biya kuɗin.

4/ Da farko, wanne ne mastiff? Kare ne mai nauyin ƙashi, faffaɗan ƙirji, ƙaton kai, gajeren baki da leɓɓa masu zubowa. Dangin sun haɗa da Mastiff na Ingila, Bullmastiff, Boerboel, Cane Corso, Great Dane da sauransu. Abin dariya, kalmar ta bi ta tsohon Faransanci ne daga wata kalmar Latin mai nufin dabbar da ta saba da hannu, wato mai ladabi. 😅

5/ Mu fara daga Ninawa, garin Annabi Yunus (AS), daura da Mosul a Iraƙi ta yau. A 1853 wani ɗan Mosul mai suna Hormuzd Rassam ya tono fadar Sarki Ashurbanipal na Assuriya. A bangon akwai sassaƙen farauta na wajen shekara ta 645 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ga bayin sarki riƙe da ƙattin karnuka a igiya, wuya kamar na sa.

6/ A wannan fadar an samu wasu 'yan karnuka biyar na yumɓu da aka binne kusa da wata ƙofa don tsari, kowanne da sunansa rubuce a jiki. Sunan ɗaya umarni ne: ya ciji kawai, kada ya tsaya shawara. Suna gidan tarihin Birtaniya da ke Landan har yanzu. Kun ga tun lokacin abin da mutum yake nema ke nan: wanda zai tsaya a ƙofa shi kuma ya yi barci.

7/ Herodotus, marubucin tarihin nan na Girka, ya ba da labarin wani gwamnan Farisa a Babila da ya tara karnukan Indiya masu yawan gaske, har aka yafe wa manyan ƙauyuka huɗu haraji, aikinsu kawai ciyar da karnukan. Ƙauyuka huɗu fa! Ku riƙe wannan a rai, za mu dawo kan maganar ciyarwa.

8/ Sai Girka. A yankin Epirus, inda iyakar Girka da Albaniya take yau, akwai ƙabilar Molossi. Olympias, mahaifiyar Iskandar Mai Girma, 'yar sarautarsu ce. Karnukansu na kiwo sun yi suna, Aristotle ma ya yabi girmansu da ƙarfin halinsu wajen tunkarar namun daji. Daga sunan ƙabilar aka samo "molosser" da za ku gani a tallan masu kiwon karnuka.

9/ Amma ku lura, wanda ya ɗauki wannan tsohon suna ya laƙaba wa dangin karnuka guda wani likitan dabbobi ne Bafaranshe, Pierre Mégnin, a ƙarshen ƙarni na 19. Siffar kai ya duba ya kasa karnuka gida huɗu. Kamanni ya duba. Babu wata takardar salsala da ta haɗa karen Epirus da wanda ke keji a Abuja.

10/ Rumawa kam sun yi kiwon karnukan gadi. A Pompeii, garin da aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79, akwai gidan da aka shimfiɗa hoton baƙin kare ɗaure da sarƙa a daɓen zaure, da gargaɗin a yi hattara da kare. Irin allon da kuke gani a get ɗin gidajen masu hali yau, ba sabon abu ba ne.

11/ Wani manomin Rum mai suna Columella ya rubuta littafin noma a ƙarni na farko. Ya ce karen gadin gida ya zama baƙi, don da rana ya firgita ɓarawo, da dare kuma duhu ya ɓoye shi. Na kiwo kuma ya zama fari, kada makiyayi ya ɗauka kerkeci ne ya rafke shi. Ka ga aiki yake zaɓa wa kare. Bai yi maganar takardar jini ba.

12/ Mu haura Ingila. Strabo ya lissafa abin da tsibirin yake fitarwa zamanin Rumawa: hatsi, shanu, zinariya, azurfa, ƙarfe, fatu, bayi da karnuka. Bayan ƙarnoni, manoma suna ajiye mastiff don tsare gida, sarki kuma yana tsoron su taɓa masa barewa a dajin farautarsa.

13/ Maganin da aka samo? A datse wa karen farata uku na ƙafar gaba don kada ya iya gudun bin dabba. Yana nan rubuce a dokar dazuzzuka ta 1217. Talaka ya riƙe karensa, sarki ya riƙe barewarsa, kare ya koma ɗingishi. Wannan salon zai yi ta maimaituwa har ƙarshen zaren nan.

14/ Zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, ɗaya daga cikin abubuwan kallon da suka fi tashe a Landan shi ne a ɗaure beyar ko bijimi a turke, a saki karnuka su yi ta yagarsa. Filayen suna unguwa ɗaya da gidan wasan kwaikwayon Shakespeare. A 1575 an kawo beyar 13 don nishaɗin sarauniyar a Kenilworth. Daga kokawa da bijimi sunan bulldog ya fito.

15/ Yanzu ga ɓangaren da masu talla ba sa faɗa. Da Sifaniyawa suka shiga nahiyar Amurka, sun tafi da manyan karnuka a matsayin makami. Columbus ya sake su kan mutanen tsibirin Hispaniola a 1495. A 1513 Balboa ya sa karnuka suka yayyaga mutane a Panama. Karensa Leoncico har kaso ake ware masa a ganima kamar soja.

16/ Abin ya yi yawa har Sifaniyanci ya samu kalma ta musamman mai nufin jefa wa karnuka mutum. Wani limamin Kirista, Bartolomé de las Casas, da ya zauna a can ya ga abin da ake yi, ya rubuta wa masarauta ƙorafi mai zafi. Saboda irin rubutunsa ne labarin bai ɓace ba.

17/ Daga nan aka juyo kan 'yan Afirka. A Kyuba an horar da wasu karnuka, haɗin mastiff da masu bin sawu, don kamo bayin da suka gudu. A ƙarshen 1795 Turawan Ingila suka shigo da kimanin 100 daga cikinsu Jamaika, don murƙushe Maroon, jikokin bayin da suka 'yantar da kansu suka kafa garuruwa a duwatsu.

18/ Maroon ɗin Trelawny suka ajiye makamai bisa alkawarin ba za a kore su daga tsibirin ba. Aka karya alkawari, aka kwashe su zuwa sanyin Nova Scotia a Kanada a 1796, daga can aka kawo su Saliyo a 1800. Cocin da suka gina yana nan a Freetown. Faransawa ma sun sayo karnukan Kyuba a 1803 don yaƙar mutanen Haiti, amma Haiti ta ci 'yancinta a 1804.

19/ Kare bai san bawa ba, bai san ubangida ba. Abin da aka horar da shi a kai ya yi. Na kawo wannan ne don duk sanda aka ce maka "karen yaƙi" da alfahari, ka tambayi kanka: yaƙi da wa? Sau da yawa amsar ita ce da mutanen da ba su da komai a hannu, wasu ma masu kama da mu.

20/ A 1835 majalisar Ingila ta haramta wasan yaga beyar da bijimi. Aiki ya mutu, karnukan suka fara ƙaranci. Sai ga sabuwar sana'a: gasar kyau. An yi baje kolin karnuka na zamani na farko a Newcastle a 1859, aka kafa Kennel Club a 1873, ƙungiyar masu Mastiff kuma a 1883.

21/ Nan ne asalin abin da ake kira "jini tsantsa". Aka buɗe rajista, aka rubuta yadda kai da tsayi da launi za su kasance, aka ce daga yau ɗan rajista sai 'yar rajista. Kafin nan manomi yakan haɗa karensa da duk wanda ya ga ya iya aiki. Takardar salsalar kare ba ta girmi jirgin ƙasa ba.

22/ Shi kansa Mastiff na Ingila ya kusa ƙarewa a ƙasarsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ana rabon abinci da kati, wa zai ciyar da dabbar da ta kai nauyin ƙato? Bayan yaƙi sai da aka shigo da wasu daga Amurka da Kanada aka sake tayar da irin. Daga baya wani mai suna Zorba ya shiga kundin Guinness a 1989 da nauyin kilo 155 da ɗoriya.

23/ Bullmastiff kuwa haɗi ne da aka yi da gangan a ƙarni na 19. Masu gadin dazukan attajiran Ingila suna son kare mai shiru da zai danne mai satar farauta da dare ya riƙe shi. Suka haɗa Mastiff da bulldog. Kennel Club ta karɓe shi a 1924. Sunansa ma ya tona asirin gaurayen.

24/ Boerboel, wanda ya cika gidajen manya a Najeriya, sunansa na nufin karen manomi a harshen Afrikaans. Tun zuwan Jan van Riebeeck gaɓar Cape a 1652 Turawa ke kai karnuka Afirka ta Kudu, suna cakuɗuwa a gonaki. Sai a farkon shekarun 1980 wasu suka bi gona gona suna zaɓo waɗanda suka yi musu, suka kafa ƙungiyar jinsin a 1983.

25/ To ga namu, Cane Corso. Karen gona ne a kudancin Italiya: tsaron gida, korar shanu da aladu, farautar aladen daji. Da tsarin noma ya sauya bayan yaƙi, matasa suka watse birane, karen ya kusa ɓacewa. A shekarun 1970 wasu masu sha'awa suka bi ƙauyuka suna tsinto ragowar. Ƙungiyarsa 1983, hukumar karnukan Italiya ta amince da shi 1994, ta Amurka 2010.

26/ 1994 fa, shekarar da Super Eagles suka fara zuwa gasar cin kofin duniya. 😂 Shin a cikin kakannin karen akwai waɗanda suka rayu a Italiya zamanin Rumawa? Ba abin mamaki ba ne, kamar yadda kowane ɗan Italiya yake da kakanni a lokacin. Amma "babu gauraye shekara dubu biyu", wannan zancen kasuwa ne.

27/ Ɗan'uwansa na Naples, mai fatar nan da ta zubo kamar an ba shi aron riga, wanda ya fito a matsayin Fang a finafinan Harry Potter. Wani ɗan jarida, Piero Scanziani, ya gan su a wani baje koli a Naples a 1946 ya ɗauki nauyin daidaita irin. Ku nemi hotunan na wancan lokacin. Fatar ba ta kai haka ba. Alƙalan gasa ne suka so ninki, masu kiwo suka yi ta ƙarawa har ido ya fara ciwo.

28/ Haka St Bernard na duwatsun Suwizalan. Shahararren cikinsu, Barry, ya rayu daga 1800 zuwa 1814, ana cewa ya ceci mutum sama da 40 a ƙanƙara. Gawarsa tana gidan tarihi a Bern, kuma bai kai girman na yau ba ko kusa. 'Yar gangar nan da ake rataya musu a wuya, zanen Edwin Landseer na 1820 ne ya yaɗa ta.

29/ A gurguje: Great Dane, wato Scooby-Doo, na Jamus ne duk da sunan Denmak, aladen daji yake farauta a da. Dogo Argentino wani likita ne a Córdoba, Antonio Nores Martínez, ya tsara shi a 1928. Tosa na Japan haɗin karnukan gida da na Turawa ne don faɗa. Dokar Birtaniya ta 1991 ta hana mallakar Tosa, Dogo Argentino, Fila na Burazil da pit bull.

30/ Saura na Tibet, mai gashi kamar zaki. An daɗe ana rubuta cewa shi ne kakan duk wani mastiff. A can sunansa na nufin karen da ake ɗaurewa, yana tsare tanti da garken makiyaya. A 1847 aka aika wa Sarauniya Victoria guda daga Indiya. Turawa suka ga girmansa suka ce ai mastiff ne, sunan ya bi shi.

31/ A 2017 Heidi Parker da Elaine Ostrander da abokan aikinsu a Amurka suka fitar da binciken ƙwayoyin halittar karnuka 1,346 daga jinsi 161. Na Tibet ya faɗa rukunin karnukan Asiya irin su Chow Chow da Akita, nesa da mastiff na Turai. Manyan karnukan kiwo irin na Anatoliya kuma suka fito rukuni ɗaya da siraran masu gudu irin Saluki.

32/ A wannan rukunin akwai Azawakh, dogon siririn karen Buzaye na Nijar da Mali da Burkina Faso. Wato ƙaton kare ba daga tushe ɗaya ya fito ba. Duk inda mutane suka buƙaci mai tsare dukiya, sun yi ta zaɓen manya daga karnukan da ke gabansu har suka samu. Kama da wane ba ta wane.

33/ Labarin na Tibet bai ƙare nan ba. Da kuɗi ya zauna a Sin, sai ya zama abin nuna isa, kamar tsadaddiyar mota. A 2011 aka ruwaito an sayi wani ja a kan yuan miliyan 10, kusan dala miliyan ɗaya da rabi. Kowa ya faɗa kiwo. Zuwa 2015 kasuwa ta rushe. Aka watsar da su a tituna da kewayen wuraren ibada a Qinghai, wasu aka loda su a mota zuwa mahauta.

34/ Wannan ne ya fi tsaya min a rai, don na ga alamarsa a nan gida. Mutum ya ga hoto a Instagram, ya sayi kwikwiyo, bayan wata takwas abu ya zama kilo 40 yana cin abin da ya fi na mutum biyu. Ku tuna ƙauyuka huɗun Babila. Daga nan sai keji, sai sarƙa, sai maigadi ya riƙa jefa masa ƙanzo daga nesa.

35/ Ga zafi. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, kuma gajeren baki da nauyin jiki suna rage masa wannan damar. Ka ɗauko dabbar da aka tsara a sanyin Turai ka kulle ta a kejin kwano a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40. Kafin la'asar za ka iya rasa shi.

36/ Ga gajeren kwana. Yawancin manyan nan shekara 7 zuwa 10 suke yi, Dogue de Bordeaux na Faransa sau da yawa bai ma kai nan ba. Ciwon ƙugu ya yi musu yawa, haka murɗewar tumbi da ke kashewa cikin sa'o'i in ba a yi tiyata ba. Rajistar da aka rufe a kan 'yan karnuka kaɗan tana nufin auren dangi, cuta kuma tana bin jini.

37/ Ga kuma haƙƙin mutane. Karen da ya haura kilo 50, ba horo, bai saba da kowa ba, kullum a ɗaure, ranar da ya kuɓuce ba ɓarawo zai fara samu ba. Yaron maƙwabta ne, ko almajirin da ya zo ɗaukar kwano, ko ɗanka. In ba a yi masa rigakafin ciwon haukan kare ba kuma, cizo ɗaya na iya zama ajali.

38/ Tambayoyin da na ba abokina ya koma da su: A nuna min uwa da uban kwikwiyon. Ina katin rigakafi, wane likitan dabbobi ya sa hannu? Nawa zai ci a wata in ya girma? Wa zai horar da shi, wa zai fita da shi kullum? Akwai inuwa da ruwa a gidan? In na yi tafiya wa zai iya tunkararsa? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

39/ Ya koma. Mai karnukan ya ce uban yana Legas, uwar kuma an sayar, kati kuma za a kawo. Abokina ya yi masa godiya ya fito. Kuɗin ya ƙara tsawon katanga, ya sa fitilun sola, suka haɗa hannu da maƙwabta suka ɗauki 'yan sintiri. Maganar kare ya ce sai ya shirya mata, in ma zai yi.

40/ Ba cewa nake kada kowa ya ajiye su ba. Na ga Boerboel a hannun wanda ya san abin da yake yi, natsattse, yara na wucewa ko kallo ba su ishe shi ba. Amma mai shi yana ba shi lokaci da abinci da likita, kuma bai taɓa ce min jinin sojan Rum ne ba. Ya ce min dai karen gona ne.

41/ In kana da wanda yake shirin tura kuɗin kwikwiyo saboda hoto da labarin zamanin Rumawa, tura masa zaren nan kafin ya danna. Masu kiwon su kuma ku faɗa mana gaskiya a ƙasa: nawa kuke kashewa a wata, kuma yaya kuke yi da su a watan bazara?